Kunnen Malam Haladu da Miyar Shatu

Malam Haladu na Roni da baki da kunne ya ci abinci duk tsawon rayuwarsa. Dillalin shanu ne tun yana saurayi, kuma daga kasuwar kara ta Kazaure har ta Babura babu inda ba a san muryarsa ba. A zamanin ƙarfinsa, in mai saniya ya ja ɗansa bayan turke ya raɗa masa magana da Fillanci, Haladu yana can nesa yana duba haƙoran wani bijimi zai tsince ta tsaf. Saboda haka da girma ya kama shi, kunnen ya fara nauyi, bai taɓa yarda laifin kunnen ba ne. Cewa yake mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki, kowa magana yake kamar ya cika kumatu da garin rogo. Duk ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya naɗa auduga a tsinken ashana ya sosa kunnuwan nan da kyau, yana ganin ya sauke musu haƙƙinsu.

Da abin ya yi nisa sai ya samo dabara. Ya daina sauraron magana, ya koma karanta fuska. In fuskar mai magana a sake take, ya ce madalla. In a murtuke take, ya ce Allah ya kyauta. In ya rasa inda ta dosa, ya ce to, ya gyara hula. Dabarar tana yi masa aiki yawancin lokaci, sai dai akwai wani maƙwabcinsa da Allah ya halitta da fuskar fara'a, wanda ya zo yana ba shi labarin jakinsa ya faɗa tsohuwar rijiya. Malam Haladu ya dube shi ya ce madalla. Tun daga ranar gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa, shi kuwa ya ɗauka hassada ce ta kama mutumin.

Matarsa ta rasu da 'yan shekaru, babbar 'yarsa Zubaida kuma tana aure a Gwiwa. A gidan sai ɗansa Musaddiƙ, mai sayen riɗi da wake a Babura, wanda in kaka ta yi ganinsa sai an yi sa'a, da matar Musaddiƙ ɗin, Shatu, 'yar Yankwashi. Sunan mahaifiyar Malam Haladu gare ta, don haka Uwata yake kiranta. Yarinya ce mai hankali, mai kunyar suruki irin ta mutanen da. In za ta yi masa magana sai ta durƙusa can bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai, ta yi wa ƙasa bayani da murya kamar ta sauro. Ba fuska ke nan balle ya karanta. Abin da yake gani kawai saman hijabi yana motsi. In ya daina motsi ya san ta gama, sai ya zaɓi ɗaya cikin amsoshinsa ya ba ta.

Ana tsakiyar yankan dawa ciwon kai ya matsa masa, irin mai kama ƙeya, in ya miƙe kuma ƙasa ta ɗan juya masa. Musaddiƙ ya goya shi a babur zuwa wani asibiti a Kazaure. Likitan matashi ne mai kirki, amma layi ya kai har baranda, ga shi ya rufe baki da hanci da takunkumi saboda murar da ke yawo a gari. Ya ɗaura wa tsohon abin awo a dantse, ya duba, ya girgiza kai, sannan ya shiga bayani yana rubutu. Ya faɗa masa jininsa ya hau, ya faɗa masa abin da zai rage da abin da zai riƙa sha. Malam Haladu dai takunkumi yake gani yana shiga yana fita kamar zugazugin maƙera. Ya duba idanun likita ya ga na mutunci ne, ya ce madalla. Likita ya ji daɗi, don ba kullum ake samun majinyaci mai karɓar ƙaddara haka ba.

Duk wannan Musaddiƙ yana waje, waya a kunne, yana faɗa da direban da ya sauke masa buhunan riɗi a Kanya Babba ya tafi ɗaurin aure. Da ya shigo an riga an kira na gaba. Likita ya taƙaita masa a tsaye, ya ce hawan jini ne, a rage gishiri da dunƙule, a riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum da safe ko da ciwon kan ya tafi. Ya ƙara da cewa ya yi wa Baba bayani kuma Baba ya gane. Musaddiƙ ya ce to, rabin hankalinsa yana wurin riɗi. A hanya bai tayar da maganar ba. Da suka iso gida ko kashe babur bai yi ba, daga zaure ya miƙa wa Shatu ledar magani.

"Likita ya ce ba gishiri a abincin Baba. Wannan kuma ɗaya da safe."

Kafin ta tambaya ko ɗan kaɗan ma ba a so, sai ƙarar babur ta ji tana nisa.

Da yamma ta kawo tuwon dawa da miyar kuka. Ta durƙusa, hijabi ya yi motsi mai tsawo fiye da na kullum. Abin da ta ce ƙasa ce kawai ta ji. Malam Haladu ya ce to, ya wanke hannu, ya kai loma, sai ya tsaya. Ya sake ɗebowa daga ɗaya gefen kwanon, ko a can gishirin ya taru. Miya ta yi yauƙi, ta ji daddawa, amma lami take, kamar an kaɗa kuka a ruwan randa. Ya ce a ransa mantuwa ce, ɗan Adam ajizi ne, ya ci rabi ya rufe. Washegari ɗumame ya zo lami, da 'yar ƙwaya a kan faifai. Da rana dambu ya zo lami. A nan ya gane wannan ba mantuwa ba ce.

Tambaya kuwa ba ta yiwuwa. Suruki ba ya buɗe baki ya ce wa matar ɗansa miya ba gishiri, sai ka ce wani makwaɗaici. Sai ya shiga binciken kansa, me ya yi wa yarinyar nan. Ya tuna ya taɓa jifan kajinta da takalmi da suka ɓata masa tabarma. Ya tuna ranar da kawunta ya zo daga Yankwashi ya yi masa dogon bayani, shi kuma ya ce Allah ya kyauta, ya ga mutumin ya tashi rai a ɓace. Ya kuma lura duk sanda ta ajiye kwano sai ta daɗe tana motsa hijabi, ya yanke cewa gunaguni ne, wataƙila ma baƙar magana ce ake gaya masa cikin ladabi.

Ƙwayar ya sha ta da farko. Da ciwon kai ya lafa ya ga ba dalilin mai lafiya ya riƙa shan magani. Amma don kada ya ƙara wani laifin a kan na kaji, sai ya riƙa ɗauke ta daga faifai yana sakawa a wani kwalin ashana a aljihunsa.

Ranar kasuwa ya yi shawara da zuciyarsa. Ya sayi gishiri leda guda cike, ya lallaɓa ya ajiye a ƙofar madafi lokacin da Shatu take ɗaki. A ganinsa ko bebe ya fahimci wannan. Shatu ta fito ta gani, ƙwalla ta cika mata ido. Ta ɗauka wanda yake ajiye a ɗakinsa ne ya fito da shi ya sallama, don ya nuna ya bi maganar likita. Ta ce gishirin da Baba ya haƙura da shi ba ita za ta ci ba, ta raba wa maƙwabta sadaka da niyyar Allah ya ba shi lafiya. Malam Haladu yana zaune a ƙofar gida yana kallon gishirinsa yana fita a murafan kwano, gida-gida.

Bai karaya ba. Da safe ya tsaya a kan akuyar da ke ɗaure a tsakar gida, ya yi mata magana da muryar da shi yake ji kamar raɗa ce, alhali ana jin ta har bayan katanga.

"Ke kam kin more. Ko dabba, in ana son ta, ana ba ta kanwa ta lasa."

Shatu tana madafi ta ji, ta ce ashe abin da ran Baba yake so ke nan. Washegari ga kunun kanwa cike da ƙoƙo. Jibi ma haka, gata ma haka. Malam Haladu ya sha kunun kanwa har ya fara jin ƙamshinsa a rigarsa.

Daga nan ya koma wurin Lauwali mai tsire a bakin tasha, abokinsa tun suna yara. Ba naman ne ya dame shi ba. In la'asar ta yi sai ya zauna kusa da kwanon yaji yana dangwala yatsa yana lasa, yana lumshe ido. Lauwali ya lura, ya yi masa alama da hannu ko gida lafiya. Malam Haladu ya matso kusa, ya kare baki da tafin hannu don sirri, ya ce gida dai sai haƙuri, tun ranar da ɗansa ya tafi Babura harshensa bai taɓa gishiri ba. Duk tashar ta ji, har direbobin da ke lodin Gwiwa. Magana ta hau mota. A Roni ba gishiri ne, a tsakiyar hanya ta zama ba miya, kafin ta isa kunnen Zubaida ta zama Baba bai ci abinci ba tun tafiyar Musaddiƙ, yana can yana lasar yaji a tasha.

Zubaida mace ce mai jiki da murya, gadon ubanta ta yi, kuma ita kaɗai ce in ta sa ƙarfi yake ɗan jin ta. Shi ba ya kiran sunanta saboda 'yar fari ce, Ta Gwiwa yake ce mata. Ta iso da hantsi da ƙunshin daddawa da man shanu da kilishi, har da gishirinta daban. Gaisuwarta da Shatu ta yi tsawo, an tambayi yara, an tambayi gajiya, an tambayi kaka, ba wanda ya kalli wani. Da aka gama Zubaida ta tambaya kai tsaye me ya sa ake ba ubanta abinci lami. Shatu ta ce likita ne ya hana. Zubaida ta ce to bari ta ji daga bakin mai ciwon. Ta je zaure ta sa bakinta a kunnensa.

"Baba, likita ya hana ka cin gishiri?"

Wannan kam ya ji ta. Tsakaninsa da Allah ya amsa.

"Ni likita bai ce min komai ba. Awo ya yi min, ya ba ni maganin ciwon kai."

Zubaida ta dawo tsakar gida ta yi wa Shatu kallo ɗaya. Shi ma tsohon abin ya ƙara ci masa rai, ashe har ƙaryar da za a kare kai da ita an tanada. Shatu ta ɗauki waya don Musaddiƙ ya yi mata shaida, amma yana wata kasuwar ƙauye ta bakin iyaka, inda waya ke kama layin Nijar in ta ga dama. Da ƙyar ta same shi. Ya tambaye ta ya jikin Baba, ta ce da sauƙi kamar yadda baki ya saba, kafin ta jera sauran maganar layi ya katse.

Zubaida ta karɓe murhu. Miya ta dawo da gishiri da dunƙule da man shanu yana ninkaya a sama, tsakanin abinci da abinci kuma ga kilishi. Malam Haladu ya riƙa ci har gumi na karyo masa, yana sa wa Ta Gwiwa albarka da ƙarfi don wata ta ji. Shatu ba ta fasa ɗora ƙwaya a kan faifai ba, shi ma bai fasa ɗauke ta zuwa aljihu ba.

Ba a jima ba abin ya faru. An idar da sallar azahar, ya sunkuya zai ɗauki takalmi a ƙofar masallaci, ƙasa ta juya masa gaba ɗaya. Ya zauna a kan takalman jama'a ya kasa tashi. Aka samo mota, aka sa shi a tsakiya, Zubaida a dama, Shatu a hagu, kowace tana kallon tagarta har Kazaure.

Likita ya auna ya ce sai an kwantar da shi. Ya yi wa matan tambaya a kan abinci, nan Zubaida ta ji da kunnenta cewa maganar gishiri gaskiya ce, sai dai ragewa aka ce ba hanawa ba. Ta ajiye abin a ranta har Musaddiƙ ya zo. Malam Haladu bai san an yi haka ba. Da yamma ya ɗanɗani miyar da Ta Gwiwa ta kawo masa ya ji gishirin sai an yi nema, ya ce shi ke nan, yarinyar nan ta saye masa 'ya.

Ɗakin maza yana hannun wata malamar jinya da ake kira Sista Ya Kura, 'yar asalin Barno da iyayenta suka zauna a Babura. Mace ce da ba ta gaggawa. Ta jawo kujera ta tambaye shi ko yana shan maganinsa. Ya ce madalla. Ta tambaye shi yaushe jirin ya fara. Ya ga kamar garinsu take tambaya, ya ce daga Roni. Ta tashi ta zaga bayansa kamar za ta gyara matashi, ta ce da murya daidai, Baba ga kunama a kafaɗarka. Malam Haladu ya ci gaba da kallon silin hankali kwance.

Sai ta aiki matan su samo ruwan zafi. Ta zauna a gabansa, ta sauke takunkumi, ta matso kusa da kunnensa.

"Baba, kunnen nan tun yaushe?"

Ya so ya musa. Ya waiga dama da hagu bai ga nasa ba, sai ya ce ya ɗan kwana biyu. Ta haska masa tocila a ciki, ta daɗe tana leƙe. Ta ce dauɗa ce ta toshe, tsinken ashana ya yi ta danna ta kamar ana cika buhu, ga auduga ma ta maƙale. Za ta riƙa ɗiga masa magani har ta yi laushi, sannan a wanke. Sauran bayanin ciwonsa kuma sai kunne ya buɗe, don ba za ta tsaya tana shelarsa a ɗaki cike da mutane ba. Malam Haladu ya roƙe ta alfarma ɗaya, kada ta gaya wa 'ya'yansa, domin ba su san yana da matsalar kunne ba. Sista Ya Kura ta dube shi, ta haɗiye dariyar da ta taso mata, ta ce ba komai Baba.

Ranar wankin da safe ta ja labule, ta riƙa tura ruwan ɗumi da sirinji tana tara tasa a ƙasan kunnen. Da ta nuna masa abin da ya fito, ya tambaya ko duk na mutum ɗaya ne. Kunnen hagu ya ɗan saki kawai, ta ce wannan aikin shekaru ne, amma na dama ya buɗe fau. Ya ji fanka tana kuka a sama. Ya ji famfo yana ɗiga a waje, wani yana tari a ƙarshen ɗaki, rediyo tana karanta sanarwar ɗaurin aure. Har rigarsa ashe tana da ƙara. Ya ce alhamdulillahi, ya firgita da jin muryarsa, kamar ta sanƙira. Sista ta mayar da shi gado ta ce in ta gama zagaye za ta dawo.

Ya kwanta ya rufe ido don ya more sauraro. Yana cikin haka ya ji takun mutane sun kewaye gadon, Musaddiƙ ne ya iso. Wata siririyar murya da bai sani ba ta ce a yi a hankali, Baba yana barci.

"Bar shi," in ji Zubaida. "Ko idonsa biyu ba ji zai yi ba. Mutumin da duk Roni ke kira Malam Madalla?"

Malam Haladu ya ƙara matse ido.

Zubaida ta sauke wa ƙanenta kwandon masifar da ta tara. Musaddiƙ ya ce ai likita ne ya ce masa Baba ya gane. Ta ce shi bai san ubansa ya yi shekaru ba ya ji ba? Ya ce kowa ya sani, har liman ya sani, amma wa zai tari Baba ya gaya masa. Ta ce to likita ragewa ya ce, shi kuma ya je ya ce babu. Musaddiƙ ya ce shi a lokacin gani ya yi duk ɗaya ne, ga kuma riɗi a bakin titi. Da ta gama da shi ta juya kan Shatu, muryar ta ɗan sauka, ta ce ita kuma me ya hana ta yi wa Baba bayani tun farko.

"Kullum ina faɗa masa, Yaya," in ji siririyar muryar. "Duk sanda na ajiye kwano sai na ce, Baba ka yi haƙuri, likita ne ya hana, Allah ya ba ka lafiya. Wata rana ya ce to, wata rana ya ce Allah ya kyauta. Na san kunnen da nauyi, amma ina ni ina ɗaga wa Baba murya?"

Musaddiƙ ya tambaye ta ko tukunya biyu ta riƙa ɗorawa. Ta ce a'a, ita ma lamin take ci, don ba za ta iya cin mai gishiri a ɗaki Baba yana zaure yana haƙuri ba.

Tun da aka kawo Shatu gidansa, ranar ce Malam Haladu ya fara jin muryarta. Kunya ta rufe shi daga hula har ƙafa. Ya tuna albarkar da ya riƙa sa wa Ta Gwiwa da ƙarfi don wata ta ji, ya so gadon ya tsage ya shige. Ya yi tunanin ya ci gaba da barcin ƙarya ko zai ƙara tsintar wani abu, amma sunan nan yana yi masa ƙaiƙayi. Ya buɗe ido.

"Wane ne ya fara sa min sunan?"

Musaddiƙ ya dubi ƙofa kamar mai auna nisanta. Shatu ta sulale ta durƙusa. Zubaida ta sunkuyo bisa sabo za ta sa baki a kunnensa, ya kauce.

"A hankali, Ta Gwiwa, nan asibiti ne. Tambaya na yi."

Zubaida ta daɗe tana gyara mayafi, sannan ta ce Lauwali ne. Malam Haladu ya gyaɗa kai, ya ce dama ya san yajin mutumin nan ba na Allah da Annabi ba ne.

Da Sista Ya Kura ta dawo ta tarar da su a bakin gadon. Ta sa aka kawo benci, ta zaunar da su duka, ita kuma ta zauna ta ɓangaren kunnen dama tana fuskantar tsohon. Ta yi bayanin hawan jini da Hausar da kowa zai gane, tana tsayawa tana tambaya ko akwai mai magana. Da ta zo kan magani ta sake tambayarsa ko yana sha. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin ashana ya buɗe. Ga ƙwayoyi nan a jere kamar ƙwan zabo. Shatu ta leƙa ta gani ta mayar da kai ƙasa. Sista ba ta yi faɗa ba. Ta ce ciwon nan ba kullum yake sallama da ciwon kai ba, sau da yawa mutum yana jin garau yake yi masa ɓarna. Sannan ta ce ya maimaita mata abin da ya fahimta.

"Wato saniya ce mai harbi," in ji shi. "Ko ta yi lamo ba a kwance mata dabaibayi."

Ta ce ko likita iyakar abin da zai faɗa ke nan. Ta sa Musaddiƙ ma ya maimaita, ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, Zubaida ta gyara masa da jin daɗi. Can Shatu ta ɗago kai, ta tambaya kaɗan ɗin nan da ake faɗa, kamar yaya yake a tukunyar gida. Sista ta aika aka karɓo gishiri a wurin masu jinyar gadon kusa, ta ɗiba da kan yatsu ta zuba a tafin Shatu ta ce ga shi. Tsinken ashana kuma ta ce daga yau aikinsa kunna wuta. Likita da ya zo wucewa ya ji labari, ya sauke takunkumi ya ce ashe rannan shi kaɗai ya yi ta hira, suka yi dariya shi da tsohon.

Da za a sallame su, Musaddiƙ da Zubaida suka fita neman mota, Shatu tana naɗe tabarma a gefen gado. Malam Haladu ya yi gyaran murya, ya rage ta iyakar iyawarsa.

"Uwata, saƙonki ya daɗe a hanya, amma ya iso. Allah ya yi miki albarka."

Ta ja hijabi ta rufe fuska, ta ce amin Baba. Ya ji amin ɗin sarai.

Zubaida ta ce kwana ɗaya za ta ƙara a Roni ta wuce. Ba ta iya ba da haƙuri da baki, don haka da safe ta ga Shatu ta baje gyaɗa za ta ɓare, sai ta jawo kujera ta zauna ta sa hannu. Da farko ƙarar ɓawo kawai ake ji. Can Zubaida ta tambayi wata da ta sani a Yankwashi, Shatu ta amsa, magana ta ja magana. Har motar Gwiwa ta cika ta tashi suna nan. Suka gangaro kan wani biki da aka ɗaga saboda dangin ango sun ɓata hanya sun kai lefe wani gida, suna dariya ƙasa-ƙasa. Zubaida ta ce ai amaryar 'yar Alhaji Kaumi ce mai awon hatsi.

Daga zaure murya ta taso.

"Ba 'yarsa ba ce, jikarsa ce. Uban ni na sayar masa da shanun huɗa."

Matan suka dubi juna. Zubaida ta ɗauki tiren gyaɗa, Shatu ta ɗauki kujeru, suka koma bayan rumbu suka ci gaba da raɗa. Jim kaɗan sai ga Malam Haladu ya shigo tsakar gida yana jan tabarmarsa, yana cewa zauren nan ya cika zafi yau. Ya shimfiɗa ta a inuwar rumbun, ya kwanta a kan kunnen hagu.